SHARHI: Ana ƙirga gangar mai, ba a ƙirga jinin masu tace shi

A bakin titunan Gwange, kamar sauran unguwannin Maiduguri, ba a rasa tebur ɗauke da galan-galan da robobin fetur, da yaro riƙe da mazurari yana jiran mai Keke Napep ko mai janareto. In za a juye mai daga duro ko daga tankin mota, tiyo ake zurawa, a kai baki a zuƙa har sai ya taho. Abin da ya shiga baki a tofar, wanda ya wuce maƙogwaro kuwa a bi shi da madarar gwangwani, wai tana karya guba. Can gaba a gareji, bakanike na wanke kayan inji da fetur a cikin kwano, in ya gama ya wanke hannunsa da shi, sannan ya jawo kwanon abinci. Mai fenti na dama tina a shago mai ƙofa ɗaya. Sana'ar ta ƙara bunƙasa a 2021, lokacin da aka farfasa turakun lantarki na layin Damaturu, birnin ya shafe kusan shekara a duhu, kowane gida da shago ya koma ga janareto.

Babu matatar mai a Gwange. Ta Najeriya mafi kusa da ita tana Kaduna, tafiyar yini guda. To amma sinadarin da yaron Gwange ke shaƙa a bakin tiyo, shi ne dai wanda ma'aikacin matata ke shaƙa a bakin tanki. Igiya ɗaya ce, wannan na riƙe da kanta, wancan da wutsiyarta. Kuma yadda ƙasa ke kula da na cikin matata, mai albashi da ƙungiya da katin shaida, shi zai nuna abin da na bakin titi zai sa rai da shi. In kura na maganin zawo, ai sai ta fara yi wa kanta.

Sunan sinadarin benzin. Yana cikin ɗanyen mai, yana cikin fetur, ba shi da launi, ƙamshinsa ma har daɗi gare shi, kuma da sauri yake bin iska. Yana shiga jiki ta huhu, yana kuma ratsa fata. Hanta ce ke sarrafa shi, abin da ta fitar kuma sai ya nufi ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. Daga nan ɓarnar ke farawa: fararen ƙwayoyin jini su ragu, masu daskarar da jini su ragu, mutum ya riƙa gajiya ba gaira ba dalili, dasashi na zubar da jini, zazzaɓi na tafiya yana dawowa. Wani ɓargonsa ya ƙafe gaba ɗaya, wani kuma ta zame masa sankarar jini. Cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta daɗe da sanya benzin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2017.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma a nan ne abin takaicin yake. Tun 1897 wani likita a Suwidin ya bayyana yadda jinin 'yan matan da ke aiki a masana'antar tayar keke ya lalace saboda benzin. A 1928 aka rubuta labarin sankarar jini ta farko da aka danganta da shi, a Faransa. A 1948, cibiyar kamfanonin mai ta Amurka da kanta, ba 'yan ƙwadago ko masu rajin kare muhalli ba, ta fitar da nazarin da ya nuna cewa babu wani adadi na benzin da za a iya bugun ƙirji a ce ba ya cutarwa, in ba sifili ba. A shekarun 1970, likitan Turkiyya Muzaffer Aksoy ya bi diddigin masu ɗinkin takalma a Istanbul, waɗanda ke aiki da gam mai benzin a ƙananan shaguna marasa taga, ya nuna yadda sankarar jini ke cin su. Duk wanda ya san shagunan masu fenti da masu gyaran takalma a Gwange ko Kasuwar Gamboru, ba sai an kwatanta masa irin waɗannan ɗakuna ba.

Saboda haka ne ƙasashe suka yi ta rage iyakar abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa. Amurka ta sauko daga kashi 10 cikin miliyan na iskar wurin aiki zuwa kashi 1 a 1987, bayan shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli a 1980. Tarayyar Turai ta yanke a 2022 cewa za ta sauko mataki-mataki zuwa kashi 0.2 daga Afrilun 2026. Ba don tsoro kawai suka yi ba. Wani bincike a kan ma'aikatan masana'antar takalma a Tianjin ta ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2004, ya gano raguwar fararen ƙwayoyin jini ko ga waɗanda abin da suke shaƙa bai kai kashi 1 ba. Hancin mutum kuwa ba ya fara jin ƙamshin benzin sai ya zarce wannan iyaka. Ma'ana, duk ma'aikacin da ya ce yana jin ƙamshi amma ya saba, ya riga ya wuce gona da iri bai sani ba.

Benzin ba shi kaɗai ba ne. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana, ta bambanta da takwarorinta na Fatakwal da Warri, domin ita ce aka gina wa sashen haɗa man juye da kakin zuma na masana'anta da kwalta. Wannan aiki kuwa da sinadaran narkarwa ake yin sa: fafural don tsame datti daga man juye, sai wani da ake kira MEK haɗe da toluwin don raba mai da kaki. A 1988 aka ƙara mata masana'antar LAB, sinadarin da ake haɗa garin sabulu da shi, wanda benzin tsantsa ne ɗaya daga cikin kayan haɗinsa. Toluwin da danginsa ƙwaƙwalwa da jijiya suke taɓawa. A rana ɗaya jiri ne da ciwon kai da tangaɗi kamar na maye. A shekaru kuwa, mantuwa ce da saurin fushi da rashin barci, da kurumtar da ƙarar injuna ke ƙara tsananta ta. Hegzen, wanda ke cikin fetur da gam, shi ke kashe tafin hannu da na ƙafa. Iyali sukan ce tsufa ne ya kama maigida, ko a ce sammu.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane ma'aikacin matata ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Manyan binciken da aka yi a ƙasashen waje sun sha nuna cewa ma'aikatan mai, in aka haɗa su jimla, ba su fi sauran jama'a mutuwa ba, wani lokaci ma sun fi su lafiya, tunda masu ƙoshin lafiya ake ɗauka aiki tun farko. Sai an rarrabe su bisa irin aikin da kowa ya yi sannan gaskiya ke fitowa. Haka Ostireliya ta yi. Tun 1980 masana'antar man ƙasar ke ɗaukar nauyin wani shiri mai suna Health Watch, wanda ke bin rayuwar dubban ma'aikata har bayan ritaya, kuma da shi aka gano cewa haɗarin sankarar jini na ƙaruwa gwargwadon benzin da mutum ya tara a jikinsa. A 2012 aka haɗa alƙaluman Ostireliya da Kanada da Birtaniya, aka sake ganin alaƙarsa da wata cutar ɓargo ko a ƙaramin adadi. Abin lura a nan shi ne, sun gano ne saboda sun rubuta sunan kowa, da sashensa, da shekarun da ya yi a wurin.

Su wane ne ke kan gaba? Wanda ke buɗe bawul ya ɗebi samfur. Wanda ke hawa tanki ya zura ma'auni. Wanda ke tsaye a kan tanka ana yi mata lodi, tururin mai na tasowa a fuskarsa. Mafi muni kuma, wanda ake zura wa cikin tanki ya kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasa. Irin wannan aiki yana yawaita ne a lokacin babban gyara, sa'ad da ake kwance bututu, a buɗe hasumiya, a wanke tukwane. Kuma kowa ya san cewa a masana'antar man Najeriya, ba ma'aikacin dindindin ba ne ya fi shiga tanki. Ɗan kwangila ne, ko leburan ɗan kwangilar ɗan kwangila, wanda aka ɗauka na wata uku, aka biya shi a hannu, ya kama gabansa. NUPENG da PENGASSAN sun shafe shekaru suna kuka a kan mayar da ma'aikata na wucin gadi, sai dai kukan ya fi karkata ga albashi da 'yancin shiga ƙungiya. Lokaci ya yi da gwajin jini zai shiga jerin buƙatun da ake ajiyewa a teburin sulhu a Ma'aikatar Ƙwadago.

Babban gyara kuwa shi ne abin da matatun gwamnati suka fi yi a shekarun nan. A Maris 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da Dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal. A Agustan shekarar ta amince da kimanin Dala biliyan 1.48 don Warri da Kaduna. A Fabrairun 2023 NNPC ya rattaba hannu da kamfanin Daewoo a kan aikin gaggawa na Kaduna na sama da Dala miliyan 740. An buɗe ta Fatakwal da ganguna a Nuwamban 2024, aka sake rufe ta a Mayun 2025. 'Yan majalisa sun yi ta kafa kwamitocin binciken inda kuɗin suka shige, kuma sun yi daidai. Amma matatar da ba ta fitar da lita ɗaya ba, ba ta daina fitar da tururi ga wanda aka tura cikin tankinta ba. A 2024 matan Kapam da ke Ƙaramar Hukumar Chikun sun yi zanga-zanga a ƙofar matatar Kaduna, suna zargin wani sinadari da ya tsiyayo ya ƙona masu amfanin gona ya kuma taɓa lafiyarsu. In na bayan katanga sun ji a jikinsu, ya dace a tambayi halin na cikin katanga.

Ba wai babu doka ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta kai rahoton cututtukan da aiki ke jawowa, gubar benzin na cikinsu. Sai dai tarar da ke cikinta ba ta wuce 'yan dubban Naira ba, kuɗin da a yau ba zai cika tankin ƙaramar mota ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a Nuwamban 2022. Dokar Man Fetur ta 2021 ta rushe DPR, ta ɗora wa NMDPRA kula da matatu da daffo-daffo da gidajen mai, har da lafiya da kariyar masu aiki a cikinsu. Sai kuma Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta ce kowane mai ɗaukar aiki, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun da NSITF ke riƙewa.

A wannan doka ta ƙarshe akwai wani tarko da ya kamata masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takarda su zauna su karanta da idon basira. Ta ba da shekara ɗaya a shigar da buƙatar diyya, ko uku in akwai uzuri na musamman. Ga wanda inji ya datse wa yatsa, wannan ya wadatar: ga ranar, ga shaidu, ga jinin a ƙasa. Sankarar jini kuwa ba ta da rana. Takan ɗauki shekara biyar, ko goma, ko fiye kafin ta bayyana. Ko da an ce wa'adin na farawa ne daga ranar da cutar ta kwantar da mutum, da me zai tabbatar cewa daga wurin aiki ya kwaso ta? Kamfanin kwangilar da ya ɗauke shi wataƙila ya canza suna sau biyu. Babu takardar da ta nuna ya taɓa shiga tanki, babu ma'aunin iskar da ya shaƙa, babu gwajin jininsa na ranar da ya fara aiki da za a gwada da na yau. Haƙƙi yana nan a rubuce, hujjar karɓarsa ce babu.

Amurka ta wajabta wa kamfani ajiye bayanan abin da ma'aikaci ya shaƙa har shekara 30. Turai ta ce shekara 40 ga sinadaran da ke jawo kansa. Ba wani abu ne mai tsada ba. Ƙaramar na'ura ce ake maƙala wa ma'aikaci a wuyan riga ta auna iskar da ke gaban hancinsa. Gwajin fitsari ne a ƙarshen aiki, wanda ke nuna ko benzin ya shiga jiki. Sai cikakken ƙirgen ƙwayoyin jini, gwajin da kowane babban asibiti a Najeriya ke yi kullum. Ƙasar da ta iya sa hannu a kan Dala biliyan uku don gyaran ƙarfe ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. In NNPC da NMDPRA na da irin waɗannan alƙaluma, su fito da su a dunƙule, ba tare da sunan kowa ba, kamar yadda suke fitar da adadin litar da aka sha a wata. Haka ma matatar Dangote, mai ganga 650,000 a rana, da ƙananan matatun da ake ta bai wa lasisi. Sharaɗin lasisi ya kamata ya zama, ba alfarma ba, kuma ya haɗa da duk wanda ya taka ƙafarsa cikin harabar da sunan aiki, ko da na kwana bakwai ne.

Daga nan zancen ke komawa Gwange ta hanya biyu. Ta farko, ma'aikaci ba ya tsufa a inda ya yi aiki. Ɗan Borno da ya yi shekara 30 a Kaduna ko Warri, ko direban tankar da ya yi rayuwarsa tsakanin daffo da daffo, gida yake dawowa. In jikinsa ya fara gazawa, sai a fara da maganin zazzaɓin cizon sauro, a koma na taifot, a yi ƙarin jini leda ɗaya, a yi biyu, kafin a dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda ke maƙwabtaka da unguwar, wanda kuma shi kansa ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta yi wa mummunar ɓarna tare da gidajen Gwange. Tambaya ɗaya ce za ta iya sauya komai a ɗakin likita: wane aiki ka yi, kuma shekara nawa? Ya kamata ta zama layi na dindindin a fayil ɗin duk mai cutar jini, ta kuma shiga rajistar masu kansa. In ba haka ba, kamfani ya ci ribar ƙuruciyar mutum, iyalinsa su sayar da fili su biya kuɗin tsufansa.

Hanya ta biyu ita ce ingancin man kansa. Yaron da ke zuƙar tiyo ba shi da takunkumi, ba shi da ƙungiya, kuma ba wani sufeton masana'antu da zai taɓa zuwa teburinsa. Kariya ɗaya da gwamnati za ta iya ba shi daga Abuja ita ce ta rage gubar da ke cikin abin da yake sayarwa. A Turai, benzin ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na fetur. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda dillalai ke haɗa wa Afirka ta Yamma man da ba za a yarda a sayar a ƙasashensu ba, kuma sai daga baya Holan ta hana fitar da fetur mai benzin fiye da kashi 1 daga tashoshinta. Abin kunya ne a ce mai sayarwa ne ya fara jin tausayin mai saye. Yanzu da ake tace kaso mai yawa a cikin gida, ba sauran fakewa da Turawa. NMDPRA da hukumar SON su riƙa bayyana adadin benzin da ke cikin man da ke fita daga kowace matata da kowane jirgi. Ƙaramin famfon hannu na roba kuma, wanda zai raba baki da tiyo, bai fi ƙarfin Gwamnatin Borno da ƙungiyoyin masu sana'a ba. Su kuma gidajen rediyo su faɗa wa mutane gaskiya da Hausa da Kanuri: madara ba ta fitar da benzin daga jiki, manja ma haka, kuma tilasta amai bayan an haɗiyi fetur na iya tura shi cikin huhu.

Arewa na da dalilin gaggawa. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, da alƙawarin matata da masana'antar taki. A Mayun 2023 aka koma haƙa a rijiyar Wadi-B da ke Ƙaramar Hukumar Jere, a bakin ƙofar Maiduguri, shekara shida bayan harin Yulin 2017 da ya rutsa da ayarin masu binciken mai na NNPC da Jami'ar Maiduguri. Jama'a na ɗokin ranar da man zai fito, kuma ba laifi ba ne. Amma Neja Delta ta riga ta nuna yadda labarin ke ƙarewa in an bar shi: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya samu benzin a rijiyoyin shan ruwa na Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. In aikin Wadi-B ko na Kolmani ya kankama, matasan Gwange da Bulabulin da Mairi ne za su yi layi a ƙofa neman aikin lebura, kuma su ne za a fara zurawa cikin tanki. Kafin a ɗauki na farkonsu, a ɗebi jininsa a auna, a rubuta sakamakon, a ba shi kwafi ya kai gida, a ajiye ɗaya a NSITF inda canjin sunan ɗan kwangila ba zai ɓatar da shi ba.